Kevin Durant bai ci amanar kowa ba a 2016, kuskurensa daga baya ya zo

Ranar 4 ga Yulin 2016, ana saura kwana biyu ƙaramar sallah, labari ya fito cewa Kevin Durant ya bar Oklahoma City Thunder ya koma Golden State Warriors. Mu da muke hana idonmu barci saboda ƙwallon kwandon NBA, wasan da sai ƙarfe ɗaya ko biyu na dare ake farawa a agogonmu, ranar babu wanda ya yi zancen ɗinkin sallah a guruf ɗinmu na WhatsApp, zagi kawai ake yi, wannan ya ce matsoraci wancan ya ce maciji, wani ma ya rantse ya daina kallo sai yaron nan ya yi ritaya. Har yau in sunan Durant ya faɗo a hira sai an samu wanda zai tayar da maganar. Ni tun a ranar ban yarda da zagin ba, kuma duk abin da ya faru a shekarun da suka biyo baya ƙara min ƙarfi ya yi a kan ra'ayina, duk da shi Durant ɗin ya zo ya yi abubuwan da ba zan iya kare shi a kai ba.

Na san abin da ya ɓata wa mutane rai kuma ba zan ce ba su da hujja ba. Wata ɗaya da 'yan kwanaki kafin nan Thunder suna gaban Warriors da wasa 3 da 1 a zagayen da zai kai su fainal, saura nasara ɗaya tak, sai suka bari abin ya suɓuce, Klay Thompson ya zuba musu jifan nesa 11 a wasa na shida a cikin gidansu, aka je na bakwai aka fitar da su. To mutum ya tashi ya koma wajen waɗanda suka kore shi, kuma kulob ɗin da ya ci wasa 73 cikin 82 a kakar, abin da ba a taɓa yi ba, dole zuciya ta ce wannan ai gudun faɗa ne. Na fahimci wannan. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a kira shi cin amana.

Amana ai tana da sharaɗi. Mutumin nan shekara tara ya yi wa kulob ɗaya aiki, tun suna Seattle aka ɗauko shi a 2007 kafin su tare a Oklahoma. A 2010 ya sabunta kwantiraginsa na shekara biyar ba tare da wani biki ba, a lokacin da duniya ta tsaya cak tana jiran LeBron James ya faɗi inda zai je a talabijin. Sau huɗu yana zama wanda ya fi kowa cin maki a gasar, ya zama gwarzon shekara a 2014, ya kai su fainal a 2012. Kuma bayan fainal ɗin nan da 'yan watanni masu kulob ɗin suka sallama James Harden zuwa Houston saboda lissafin kuɗi, babu wanda ya ce musu maciji. Ya buga kwantiraginsa har ranar ƙarshe, bai ƙi fita fili ba, bai yi ciwon ƙarya ba, sai da wa'adin ya cika sannan ya zauna ya saurari kulob shida ya zaɓi ɗaya. In ma'aikaci ya gama wa'adin da ya sa wa hannu ya nemi wani wurin, ina cin amanar yake?

Kuma mutane suna mantawa cewa wannan 'yancin ba daga sama ya faɗo ba. A da kulob ɗin da ya ɗauke ka shi ke da kai har ka tsufa ko ya ga dama ya sayar da kai. Sai da Oscar Robertson, yana shugaban ƙungiyar 'yan wasa, ya kai gasar kotu a 1970, shari'ar ta ja har 1976 kafin a sasanta, kuma ko a nan ba a gama ba don sai 1988 aka samu ɗan wasa na farko da ya tashi da ƙafarsa ya tafi inda yake so babu mai iya riƙe shi, Tom Chambers, shi ma ɗan wasan gaba, daga Seattle zuwa Phoenix. Masu kallon ƙwallon ƙafa sun san irin wannan da hukuncin Bosman na 1995. Su kuma kuloblikan da ake cewa a yi musu biyayya, ku dubi abin da Clippers suka yi wa Blake Griffin, a Yulin 2017 suka lallaɓa shi ya sa hannu a shekara biyar kan sama da dala miliyan 170, kafin watan Janairu ya ƙare sun tura shi Detroit. DeMar DeRozan ya ba Toronto ƙuruciyarsa gaba ɗaya suka yi musayarsa a 2018. Luka Dončić yana zamansa a Dallas a Fabrairun 2025 ya wayi gari ɗan Lakers ne. In kulob ya yi sai a ce kasuwanci ne, in ɗan wasa ya yi sai a ce ba shi da hali, wannan ma'aunin ne ba na so.

Amma abin da ya fi damuna a duk muhawarar shi ne ba a cika zancen ƙwallon kanta ba. Duk bazara in babban ɗan wasan gaba ya kusa gama kwantiragi sai ka ga ana ta jero kuloblika, wai ina zai fi dacewa, kuma mafi yawan masu jerowar suna kawai suke haɗawa da suna kamar mai shirya tim a gem ɗin waya. Irin su Durant in ka tambaya ko zai ci maki a wuri kaza amsar kullum e ce, mutum ne mai tsawon ƙafa bakwai saura kaɗan da yake jan ƙwallo kamar gajere, in ya tashi jifa babu hannun da yake kaiwa inda yake sakinta, ko ina ka ajiye shi zai kawo maka maki 27 ko kusa da haka. Don haka wannan ba tambaya ba ce. Tambayar ita ce gidan da zai shiga a gine yake ko kuwa shi ake jira ya zo ya zama tubali da siminti da rufi, sannan me gidan zai rasa kafin ya samu shigowa.

A Oklahoma duk wanda ya kalli wasanninsu na ƙarshe da idon basira ya ga matsalar. Ƙwallo tana hannun Russell Westbrook mafi yawan lokaci, Andre Roberson gwani ne wajen tare abokin hamayya amma ba a tsoron jifansa, Steven Adams yana ƙarƙashin kwando, to sai masu tsaro su ƙyale Roberson a kusurwa shi kaɗai su taru a kan Durant mutum biyu har uku. In wasa ya zo ƙarshe ba wani tsari, yau kai gobe ni, Westbrook ya gwada nasa Durant ya gwada nasa sauran ukun suna tsaye suna kallo. Haka suka zubar da wasa na shida ɗin nan a mintocin ƙarshe, ƙwallo tana ta suɓucewa daga hannun manyan biyun. Wanda ya yi shekaru yana jifa da mutum biyu a wuyansa shi ya san darajar fili.

A Golden State kuwa filin a buɗe yake tun kafin ya zo. Stephen Curry ko ba ya riƙe da ƙwallo sai an bi shi har tsakiyar fili, Klay haka, ba wanda zai yi gangancin barin ɗayansu don ya je ya taimaka a kan Durant, shi ya sa a karon farko a rayuwarsa ya samu kansa da mutum ɗaya kacal a gabansa. Draymond Green yana raba ƙwallo yana kuma tsara tsaron gida da baki da jiki, Andre Iguodala yana ɗaukar wanda ya fi haɗari a abokan hamayya, koci Steve Kerr yana da tsarin da kowa ke motsi ba tsayawa. Su kuma abin da suka rasa a fainal ɗin 2016 da Cleveland ta farke musu 3 da 1 shi ne mutumin da in an toshe duk ƙofofi za a miƙa masa a ce ga ta nan samo mana maki, Harrison Barnes ya samu jifa a buɗe sau da yawa a wasannin ƙarshe ba ta shiga. Ramin da ke gidan daidai girman Durant ne. Wannan shi ake kira dacewa. Kuma da yake ba shi ne ke ɗauke da duk nauyin cin maki ba sai ya samu ƙarfin tsaro, ya riƙa toshe jifa a bakin kwando kamar ba shi ba, abin da masu zaginsa ba sa taɓa ambata.

Ina tuna wasa na uku na fainal ɗin 2017 kamar yanzu don cikin azumi ne, an fara ƙarfe biyu na dare ya kai mu har lokacin sahur, Cleveland suna gaba, saura ƙasa da minti ɗaya Durant ya ɗauko ƙwallo daga bayansu ya taho a hankali ya tsaya a gaban LeBron ya saki jifan maki uku ta faɗa. Na ajiye kofin kunu ban sani ba. A wannan fainal ɗin yana cin maki 35 a kowane wasa in aka raba, shi aka ba gwarzon fainal, shekara ta zagayo suka share Cleveland 4 da nema aka sake ba shi. Wanda ake cewa ya je ya laɓe a bayan wasu, a daren da ya fi kowane dare zafi shi aka miƙa wa ƙwallo.

Ɗayan ɓangaren kuma da ba a so a duba shi ne abin da Warriors suka biya. A NBA akwai iyakar kuɗin albashin da kulob zai iya kashewa, to a shekarar sabon cinikin talabijin na dala biliyan 24 ya fara aiki sai iyakar ta yi tsalle daga miliyan 70 zuwa miliyan 94 a lokaci ɗaya, gasar ta nemi a riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan ƙungiyar 'yan wasa ta ƙi. Ga shi Curry yana kan tsohon kwantiragin miliyan 44 na shekara huɗu da ya sa wa hannu a 2012 lokacin da idon sawunsa ke ba shi matsala. Sai wuri ya buɗe. Suka saki Barnes suka tura Andrew Bogut Dallas da wasu 'yan benci, shi kenan, ginshiƙan gidan ba wanda aka taɓa. Da ta hanyar musaya za su same shi da sai sun ba da Klay ko Draymond da damar zaɓen sabbin 'yan wasa na shekaru, kuma da Durant ya iso ya tarar da wani gida daban ba wanda ya gani ya yi sha'awa ba.

Zan yarda da abu ɗaya, shekara biyun nan gasar ta rage daɗi ga wanda ba ɗan Warriors ba, tun kafin a fara kowa ya san inda kofi zai tafi, in ban da Houston a 2018 da suka kai su wasa bakwai ba wanda ya girgiza su. Kuma mutanen Oklahoma sun rasa gwarzonsu ba su samu ko sisi a madadinsa ba, wannan da ciwo. Amma wa ya kamata ya gyara wannan? Masu tsara dokar kuɗi, ba ɗan wasan da aka buɗe wa ƙofa ya shiga ba.

Inda nake rabuwa da Durant shi ne 2019. Bayan rigimarsa da Draymond a Nuwamban 2018 kowa ya ga alamar tafiya, agararsa ta tsinke a wasa na biyar na fainal da Toronto, ranar 30 ga Yuni ya sanar cewa zai koma Brooklyn Nets, shekara huɗu dala miliyan 164, shi da amininsa Kyrie Irving. 'Yancinsa ne nan ma, ban ce ba shi da iko ba, amma wannan karon ba ƙwallo ya duba ba, abota ya duba da son a ce gidan nasa ne don ya gaji da jin cewa kofunansa na Curry ne. Wato zagin nan ya shige shi, shi ya sa nake jin haushin masu zagin har yanzu. Nets ɗin da suka tarar tim ne na yara masu haɗin kai da suka ci wasa 42 a kakar da ta gabata ƙarƙashin Kenny Atkinson, maimakon su shiga cikin abin da aka gina sai aka fara rushewa don a yi musu daidai, Atkinson ya tafi a Maris ɗin 2020, aka kawo Steve Nash da bai taɓa riƙe tim a matsayin koci ba, a Janairun 2021 aka ba da Jarrett Allen da Caris LeVert da tarin damar zaɓe aka ɗauko Harden. Mutum uku da kowannensu ya fi ƙarfi in ƙwallo tana hannunsa, ba mai tsaron bakin kwando na kirki, ba wanda zai tsawata. Su ukun nan wasa 16 kacal suka buga tare.

Wallahi abin da Durant ya yi da Milwaukee a 2021 ban taɓa ganin irinsa ba, Kyrie ya ji ciwo, Harden yana ɗingishi da ƙafa ɗaya, a wasa na biyar ya buga minti 48 cif bai zauna ba ya ci maki 49, a na bakwai ya ci 48 ya kuma saki jifan da da yatsan ƙafarsa bai taka layi ba da shi kenan sun wuce. Masu cewa ba zai iya ɗaukar tim shi kaɗai ba sun samu amsa a wannan makon. Amma sun fita, don gwani ɗaya komai gwanintarsa ba ya cike gurbin gidan da aka kwashe wa kaya. Shekarar da ta biyo Kyrie ya ƙi allurar korona ya rasa yawancin wasannin gida, Harden ya gudu Philadelphia, Boston ta share su 4 da nema.

Sai kuma babban laifin. A Agustan 2021 ya sa hannu a ƙarin shekara huɗu kan kusan dala miliyan 198, kafin sabon kwantiragin ma ya fara aiki, a Yunin 2022, ya ce a yi musayarsa. Wannan ne abin da ya cancanci suka, amma abin mamaki bai sha rabin zagin da ya sha a 2016 ba. Ka karɓi kuɗin da kulob ɗinka ne kaɗai zai iya ba ka sannan ka juyo ka ce kai ga inda kake so, wannan ba shi ne 'yancin da su Robertson suka yi shari'a a kai ba. Kuma ko ta fuskar ƙwallo kanka ka cuta. Don Phoenix su same shi a Fabrairun 2023 sai da suka ba da Mikal Bridges da Cam Johnson, daidai irin 'yan wasan da Durant yake buƙata a gefensa masu tsaro masu jifan nesa marasa son riƙe ƙwallo, da damar zaɓen zagayen farko guda huɗu. Ya iso ya tarar an sayar da kujerun ɗakin don a biya kuɗin zuwansa. Denver ta fitar da su a 2023, suka ƙara da Bradley Beal suka rabu da Chris Paul, ya zama masu cin maki uku babu mai raba musu, Minnesota ta share su a 2024, a 2025 wasa 36 suka ci ko zagayen fitar da gwani ba su leƙa ba, koci uku aka kora a shekara uku. Duk wannan lokacin shi yana cin makinsa kamar kullum.

Kar wani ya ce to ai tafiya bayan kwantiragi ita ce magani ko yaushe, a'a, Paul George ya tafi Philadelphia ta wannan hanyar a 2024 kan dala miliyan 212, a takarda ya dace tsaf tsakanin Joel Embiid da Tyrese Maxey, amma yana da shekara 34 da gwiwa mai ciwo, ya buga wasa 41 Embiid ya buga 19, tim ɗin ya ƙare da nasara 24. Lafiya da shekaru suna cikin lissafin dacewa. Abin da nake cewa kawai hanyar tana barin gidan da za ka shiga da kayansa, kuma tana da tsafta tsakaninka da wanda za ka bari don ya san ranar da wa'adi zai cika. Abin takaici yanzu manyan taurari sun kusa daina bi ta nan, kowa sai ya sabunta ya kama kuɗi tukuna in ransa ya ɓaci ya nemi musaya, ga dokar kuɗin 2023 da ta ɗaure hannun kuloblikan da albashinsu ya yi yawa, in ka tara manya uku da ƙyar za ka iya sayen ɗan benci mai amfani.

A Yulin 2025, makonni kaɗan bayan Oklahoma ta ɗauki kofinta na farko da yaran da ta tara a hankali, Durant ya koma Houston, kulob ɗin da mu 'yan Najeriya muke ji da shi tun zamanin Hakeem Olajuwon da kofunansa na 1994 da 1995, kuma kocinsu Ime Udoka ya taɓa buga wa D'Tigers, tim ɗin ƙwallon kwando na Najeriya, ya yi aiki da Durant a Brooklyn, shi ne kuma ya jagoranci Boston ɗin da ta share shi a 2022, don haka ya san ƙarfinsa ya san inda ake kama shi. Musaya ce wannan ma, amma mai sauƙi ce in aka kwatanta da ta Phoenix, sun ba da Jalen Green da Dillon Brooks da zaɓe na 10 da wasu ƙananan damar zaɓe, Alperen Şengün da Amen Thompson suna nan, tsaronsu yana nan, kuma tim ne da ya zo na biyu a yankin yamma ya fita a zagayen farko saboda ba shi da wanda zai samo maki in wasa ya tsuke. Tun Golden State bai shiga gidan da raminsa ya yi daidai da shi haka ba. Abin da ya tsaya min a rai shi ne Fred VanVleet, mai raba musu ƙwallo, jijiyar gwiwarsa ta tsinke a Satumba tun ba a fara kaka ba, kuma mun riga mun gani a Phoenix yadda abin yake in aka ce Durant ya ɗauko ƙwallo daga baya ya tsara wasa ya kuma ci maki, balle da ya shiga kakar yana da shekara 37.